Hanifa Yalwa da Duwatsunta Biyu na Sararin Sama

Ranar Talata 19 ga Agusta 2025, Allah Ya karɓi ran Hanifa Yalwa, 'yar Yekuwa. Na Allah muke, gare Shi za mu koma. Hutu ta zo daga jami'a a ƙasar waje, zazzaɓi ya kama ta, ruwa ya yanke hanya. A kan amalanke ta cika, ba a kai likita ba.

Hanifa, ni na koya miki kimiyya a lise, babbar sakandaren Magarya, amma ke kika nuna mini akwai duwatsu a sararin sama masu tafiya biyu-biyu suna kewaya rana, ƙaramin yana zagaya babban. Wasu biyu daga cikinsu kika ba ƙuruciyarki.

Bara ina zaune a zaurenku mahaifinki ya tambaye ki, "Yanzu wannan dutsen ba zai faɗo mana kan gero ba?"

Kika ce, "A'a Baba, hanyarsu nesa take da tamu." Kika ɗauki ƙwarya da goriba kika gwada masa: in ƙaramin ya gifta gaban babban, hasken da madubin hange ke gani sai ya ragu. Da haka kike gane tsawon zagayen, daga zagayen ki fitar da nauyi. Kika ce nauyin ya yi kaɗan ga girmansu, ashe ba dunƙulallen dutse ba ne, tarin tsakuwa ne. Tsohon ya yi dariya har da hawaye.

Kwanaki kaɗan kafin ciwon kika kira ni da sunan da ɗalibai ke kiran malami. "Mushe, na ga wani abu a zagayen ƙaramin. Sai na tabbata zan faɗa." Ba ki faɗa wa kowa ba. Farfesanki ya bugo yana neman ki, ni na gaya masa rasuwarki.

Ban ja da hukuncin Ubangiji ba, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. 'Yan matan ajina da kika yi wa alkawarin zuwa suna ta tambayar ki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ilminki ya zama sadaka mai gudana. Malam Yalwa, Inna Ƙande, da ƙannenta Anwar da Mas'uda, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni ma ku sa ni a addu'a.

Mushe Alkasim Maiwada, Magarya