Ƙafar Kaka

Tun ranar da aka kai ni yaye ɗakin kakata, mahaifiyar babanmu, ban koma ɗakin mahaifiyata ba. A gadonta na girma, a gidanmu na cikin birnin Daura, bayana a jikin bango, hancina cike da ƙamshin man kaɗanya. Ƙawata take kirana.

Ƙafarta ta hagu ta daɗe da kumburi, amma a shekarun da aka soma shari'a, lokacin da aka tsawaita mana hijabin makaranta, abin ya yi tsanani. Fatar ta yi kauri, wani ruwa garai-garai yana tsattsafowa ta ƙwauri. A asibiti aka ce kullum da safe a wanke ta da sabulu, a tsane tsakanin yatsu, a shafa daga ƙasa zuwa sama, in ta kwanta a ɗora ta a kan matashi.

Na san sunan ruwan nan. Malamar bayoloji ta ce limf ne, yana bin siraran hanyoyi a jiki yana kwashe dattin da jini ya bari, kaluluwa kuma matatarsa ce. Na zauna bakin gado na yi wa Kaka bayani. Na gaya mata har itatuwa suna da nasu dattin: wasu su tara shi a ganye su kakkaɓe, wasu su fitar da shi ya zama ƙaro.

"To ni kwatata ce ta toshe ke nan," in ji ta, tana dariya. "Ƙawata, da ni gawo ce da na zubar da ƙafar nan da damina, na tsiro sabuwa."

Na ji daɗin dariyar. Ƙafar dai ban iya taɓa ta ba. Da na matso sai in kau da kai.

A wani hutun makaranta aka kawo 'yar goggona daga garin Babban Mutum, za ta shiga makarantarmu. Abokiyar wasata ce, sa'ata. Washegarin zuwanta ta ɗauko kwano da sabulu, ta ɗora ƙafar a cinyarta kamar za ta yi mata lalle.

"Matsa, 'yar birni," ta ce mini. "Ke ai baki ne da ke. Kaka, wannan ƙafa ko turmi? A ba ni aro in yi daka."

"Ja'ira! Uwarki ce za ta yi surfen."

Suka kwashe da dariya. Ina tsaye riƙe da tawul. Ban taɓa jin Kaka ta yi irin wannan dariya da ni ba, har da hawaye.

Daga nan na soma lura da abubuwan da da ba na kula da su. Wa Kaka ta fara kira in ta farka daga barcin rana. Wa aka miƙa wa ragowar fura. Da aka koma makaranta, ko a aji, in na hango abokiyar wasan tawa tana zana hanyoyin limf da jan biro, sai in ji zanen ma ta ƙwace mini.

Wata safiya na riga ta ɗaukar kwanon. Na wanke ƙafar a hankali, yatsa bayan yatsa, na shafa zuwa sama yadda aka ce. Ban kuskure komai ba. Numfashina kawai na riƙe.

Kaka ta dube ni ta daɗe.

"Sannu, ƙawata, Allah ya yi miki albarka. Amma hannunki tsorona yake ji. Bar mata, kin ji? Ke ki riƙa ba ni labarin itatuwa."

Da la'asar ta sa aka shimfiɗa mini katifa a ƙasa. Matashin yakan zame, in ji ta, gara mai gyara shi ta kwana kusa. Ta faɗa da taushin murya, tana shafa kaina.

Na kwashe zannuwana daga jikin bango. Abokiyar wasata ta zo za ta kama mini, na ce ta bari, ba su da nauyi. Ta hau gadon ta gwada wurin, ta ce bangon da sanyi.

Na sani sarai da sanyi.