Ranar da Muka Raba Numfashi da Dauda

Duk tsufan nan nawa, ban taɓa mantawa da ranar da aka yi mana jarrabawar nutso ba. Tunda kun matsa sai kun ji yadda mai walda ɗan Funtuwa ya zama ɗan nutso, to ku gyara zama.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da arzikin mai ya buɗe, ko'ina ka duba a Riyad gini ake yi. Ina walda a wani kamfanin gine-gine, muna kwana ɗaki ɗaya a unguwar Batha da abokin aikina Dauda, mutumin Yawuri, wanda na girme shi da 'yan shekaru. Sai kamfanin ya samu kwangilar gina tashar jiragen ruwa a gaɓar gabas. A cikin teku ake kafa ginshiƙanta na ƙarfe, don haka dole a samu masu shiga ƙarƙashin ruwa su duba haɗin walda. Mudir, wato manajanmu, wani ɗan Labanan, ya tara mu a ofis.

"Ko dai in koya wa 'yan nutso walda, ko in koya wa masu walda nutso," in ji shi. "Na zaɓi na biyu. Wa zai je?"

Kafin ya rufe baki Dauda ya ɗaga hannu. Shi Basarke ne, ɗan masunta, a bakin kogin Kwara ya tashi. Ni kuwa ruwan da na sani bai wuce kududdufin unguwarmu ba, shi ma iya gwiwa. Amma iƙamata, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kuma wanda ya je ne kaɗai aka tabbatar za a sabunta masa. Na ɗaga nawa hannun.

Mota ta kwashe mu daga Riyad, muka keta hamada har wani lungun teku da ƙasa ta rungume shi ta ɓangarori uku. Ruwan a kwance yake, ƙasansa yashi ne mai gangarawa a hankali, shi ya sa ake kai masu koyo can. Ba a buƙatar jirgi. Daga gaɓa za ka goya tukunyar iska, ka ɗaura ɗamarar dalma, ka sa gilashin fuska da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ka shiga da baya da baya. In ruwa ya kawo ƙirji, sai ka ciji bututun numfashi ka nutse.

Malaminmu Kaftin Sabri ne, Bamisire, tsohon sojan ruwa. Ya ce ba a shiga sai da aboki, ba a tasowa da saurin da ya wuce na kumfar da ke fita bakinka, kuma ba a taɓa riƙe numfashi. Iskar da ka shaƙa a ƙasa matsattsiya ce, in ka taso sai ta kumbura, in ka rufe baki huhu ya yage. Ya hura balan-balan a ƙasan ruwa ya ɗaure ya saki, muna kallo ta fashe kafin ta kai sama.

Ni ne koma-baya a cikinmu. Akwai darasin da za ka cika gilashin fuskarka da ruwa, ka hura iska ta hanci ka kore shi. Da ruwan gishiri ya taɓa hancina sai in zabura in miƙe ina tari. Kaftin yakan ce, "Ya Isiyaku, shuwayya shuwayya," wato a hankali. Da abin ya ishe shi ya ce in ban ci jarrabawa ba, motar kaya za ta mayar da ni Riyad. Kullum bayan la'asar Dauda yakan ja ni ruwa iya ƙugu, ya riƙe kafaɗata ina gwadawa. Shi kuma nasa laifin ɗaya ne: jikinsa ya saba da nutson kogi, inda ake cika ƙirji a rufe baki.

Ranar jarrabawa tun safe muke cikin ruwa. Aikin ƙarshe shi ne a bi igiya biyu-biyu zuwa wani farantin ƙarfe da aka ajiye a ƙasa, zurfin kamar soro mai hawa biyu, a kwance notunansa a dawo. Tukwanen wancan zamanin ba su da agogon da ke nuna sauran iska. In numfashi ya fara nauyi, akwai waya a gefe da za ka ja, ta buɗe ɗan ragowar da zai kai ka sama. Ashe wayar Dauda ta riga ta jawu tun da safe, ya shanye ragowar bai sani ba.

Ni da Dauda muna kan noti na ƙarshe na ga ya kai hannu baya yana ja, yana ja. Ya juyo ya gitta hannu a maƙogwaro, alamar iska ta ƙare. Idanunsa sun firfito. Sai na ga kumatunsa sun cika, ya taka yashi zai yi sama.

Na cafki ɗamararsa. Ya fi ni ƙarfi, ya yi yunƙurin fizgewa, gwiwarsa ta daki fuskata, gilashin ya goce, ruwa ya cika mini ido da hanci. Abin da nake tsoro tun zuwana ke nan. Jikina duka ya ce in sake shi in tsira, amma na san in ya kai sama da bakin nan a rufe, gawa zan tarar. Na zare bututun daga bakina, na lalubi fuskarsa na tura masa.

Ya ja, ya sake ja, ya ƙi saki. Ina sakin kumfa kaɗan-kaɗan, ƙirjina na zafi, ina Hasbunallahu a zuci. Na bubbuga masa kafaɗa kamar yadda aka koya mana. Sai na ji hannunsa ya yi laushi, ya mayar mini da bututun. Na shaƙa, na ɗaga kai, na hura ta hanci, ruwan ya fice daga gilashin tas. Na ga Dauda sarai a gabana.

Muka fara tasowa, shi ya ja sau biyu ya miƙo, ni in ja sau biyu in miƙa. Duk lokacin da bututun ke bakina, hannuna na kan cikinsa ina dannawa don ya saki iska. Muna bin ƙananan kumfa, haske na ƙaruwa, har kawunanmu suka fito.

Kaftin ya ɓullo a gefenmu. Ashe ya hango, ya taho, ya biyo mu har sama bai taɓa kowa ba. Da muka zube a yashi na ce, "Kaftin, kana nan ka ƙyale mu?"

"Ina kusa," in ji shi. "Ban ga abin gyara ba."

Dauda ya daɗe yana haki, sannan ya ce, "Yaya, na dake ka fa."

"Ka daka," na ce. "Sai ka biya da tuwo in mun koma Batha."

A gaban kowa Kaftin ya riƙe hannuna ya ɗaga, ya ce, "Wannan gawwas ne," wato ɗan nutso. Dauda ya sake tasa jarrabawar bayan mako guda, ya ci lafiya. Da muka koma Riyad, Mudir ya fito har bakin ƙofa ya tarye mu, aka sabunta mana iƙama. Tare muka yi aikin tashar nan har aka gama ta, kuma daga baya ni aka ɗora a kan sababbin masu koyo.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a ba a rasa tsoro, gwani da ɗan koyo duk yana zuwar musu. Wanda ya tsira shi ne wanda hannunsa ya ci gaba da aiki alhali zuciyarsa na bugawa. Shi ya sa in za ku shiga ruwa nake tsayar da ku, in ce kowa ya duba kayan abokinsa kafin nasa. Tukunyar da ke bayanka ba taka ba ce kai kaɗai, rabinta na wanda ke gefenka ne.