Kofunan da Ke Gindin Dutsen Sojoji

Gari bai gama wayewa ba muka tashi ranar Asabar, mu huɗu a motata: Fasto a gefena, a baya kuma dattijon ikilisiyarmu da Mama shugabar zumuntar mata. Ga wanda bai sani ba, mun daɗe muna sujada da Hausa a wani shago da muke haya a titin Gate City Boulevard, a birnin Greensboro na Amurka, tsakanin mai sayar da tsofaffin motoci da kantin kayan miya. Da mun ɗaga waƙa sai maƙwabci ya bubbuga bango. To, sai labari ya iso mana cewa akwai wata tsohuwar majami'a ta baƙaƙen Amurka can bayan McLeansville, mutanenta sun ƙare sai 'yan tsofaffi, kuma suna neman waɗanda za su karɓi ginin su ci gaba da sujada a ciki. Mu aka tura mu gano, ni a matsayin sakatariyar kwamiti kuma direba.

Muka ratsa East Greensboro shaguna duk a rufe, muka yi gabas. Lokacin da itatuwa ke zubar da garin furen nan ruwan ɗorawa ne, gilashin mota ya yi kamar an barbaɗa masa kori, Baba dattijo kuwa atishawa yake yi tun daga gida, yana ɗora laifin a kan turarena. A gidan mai muka sayi biskit ɗin nan nasu mai soyayyar kaza a tsakiya. Da Mama ta ji farashinsa sai ta ce a mayar, ta buɗe kular ƙosai da fulas na kunun gyaɗa, kuma ba wanda ya yi mata gardama. Daga nan gidaje suka fara nisa da juna, sai gonaki da jar ƙasa da akwatunan wasiƙa a bakin hanya.

Mun riga mai riƙe da mabuɗi isa. Majami'ar 'yar ƙarama ce, ta katako, fara, kaburbura na bayanta. A gabanta, daidai inda mota za ta shigo daga titi, wani dutse ne a tsaye, tsayinsa ya kai ƙirjina, an sassaƙa sunaye a jikinsa daga sama har ƙasa. Rubutun kai ya ce 'ya'yan wannan majami'a ne da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Baba bai ko karanta ba, ya shiga auna fili da ƙafa yana lissafin motocin da zai ɗauka.

Mama kuwa kun san ta, ba ta iya ganin datti a harabar gidan Ubangiji ta zauna. Ashe da tsintsiyarta ta gida ta zo a but ɗin mota. Ta ɗaura zane a kan siket ta fara shara, kamar yadda muke yi wa kaburbura a ƙauye kafin Ista. A gindin dutsen akwai tarkace a cikin ciyawa: kofuna masu tsatsa, wani faranti da ya tsage, cokali, da agogon tebur da ba hannu. Ta tsince su tas tana tsaki, ni kuma na riƙe mata baƙar leda.

Muna cikin haka wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya, wata tsohuwa ta sauko da sanda, da hular coci a kanta. Ita ce mai mabuɗin. Ta gaishe mu da fara'a, sai idonta ya sauka gindin dutsen. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ina kofin yayana?" ta ce.

Ban taɓa jin leda ta yi mini nauyi irin na ranar ba. Muka juye kayan a kan ciyawa, ta zauna a kan matakala ta ba mu labari. A zamanin babban yaƙin duniya na biyu samarin ƙauyen suka tafi, wasu ko gawarsu ba a kawo ba. Ta ce da aka kafa dutsen tunawa a cikin gari ba a sa sunan baƙar fata ko ɗaya ba. Sai iyayensu mata suka yi ta soya kifi suna sayarwa har suka sayi nasu dutsen, suka ce a kafa shi a bakin hanya, inda duk mai wucewa sai ya gan shi ko yana so ko ba ya so. Tunda ba kabari, kowace uwa ta kawo abin da ɗanta ya yi amfani da shi na ƙarshe a gida ta ajiye a ƙasan sunansa. Duk watan Mayu kuma ana taruwa a karanta sunayen da ƙarfi. Bara ita kaɗai ta karanta.

Mama ta durƙusa har ƙasa tana ba da haƙuri, hawaye na zuba. Tsohuwar ta riƙa nunawa da sanda, mu kuma muna mayar da kowane abu wurinsa. Kofin yayanta fari ne mai shuɗin baki, da hannunta ta ajiye shi.

A nan ne Baba ya matso ya yi magana da Hausa, don kada ta ji. "Fasto, wurin ya yi, amma dutsen nan dole a matsar da shi baya. Ba wurin fakin sai a tsallaken titi. Za mu bar yara da tsofaffi suna tsallaka titi cikin sanyi ne? Su kuma kofunan nan, ni dai sun yi mini kama da tsafi."

Maganar titi gaskiya ce, na sani. Amma sai na tuna da namu. Ƙanen kakana ya tafi yaƙin ƙasar Bama, a wancan babban yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba. Kakata ta ce tabarmarsa aka binne, a gindin wata ɗorawa da tuni aka sare ta aka yi gona. Ba dutse, ba rubutu. In ni na manta da sunansa, ya tafi ke nan.

"Baba, da girmanka," na ce, "dutsen nan ba inda za shi. Sau ɗaya an taɓa tura mutanen nan baya, ba da hannunmu za a sake ba. A gida tafiyar awa muke yi zuwa coci a ƙafa, yau taku kaɗan ne zai gagare mu? In maganar titi ce, ni zan tsaya duk Lahadi in tsallakar da yaran."

"'Yar nan, da ni kike?"

"Da kai nake, Baba. Ka yi haƙuri, amma ba zan rubuta wa kwamiti a ɗaga shi ba."

Fasto ya shiga duban takalminsa. Mama ta miƙe ta zo ta tsaya kusa da ni, tsintsiya a hannu. Tsohuwar ba ta jin Hausa, amma ta ga inda Baba ke nunawa da hannu. Ta tambaye ni me ake ciki, na gaya mata duka, har da labarin ƙanen kakana. Ta tambayi sunansa, na ce Tanko. Ta maimaita har bakinta ya kama shi, sannan ta ce a watan Mayu za a karanta shi bayan na yayanta. Da za mu tafi, Fasto ya miƙa hannu zai karɓi mabuɗi. Ta zagaye hannun nasa, ta damƙa mini.

Muka kamo hanyar gida. Na sauke kowa a ƙofar gidansa, na gaishe da Baba yadda ya kamata, ya amsa a daƙile. Ban ji daɗin ɓata masa rai ba, amma ban yi nadama ba.

Abin da na koya shi ne, baƙo ya riƙa tambaya kafin ya share, don abin da ka ɗauka shara ce wataƙila shi kaɗai ya rage wa wani na ɗan'uwansa. Mun je neman gini, ashe amana ake neman wanda zai karɓa. Mabuɗin yana cikin jakata yanzu haka. Na kuma sayi kofi fari mai shuɗin baki na ajiye wa Tanko. Duk mai son ɗaga dutsen nan, sai ya fara zuwa ya karɓi mabuɗin daga hannuna.