Shekara Bakwai da Rasuwar Mutumin da Ya Taka Rawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Isiyaku, kuma ina so in kafa wani tarihi a wannan shafi kafin masana su riga ni: tun da aka fara binne mutane a ƙasar Hausa, shi kaɗai ne mamacin da aka ce ya taka muhimmiyar rawa, maganar kuma ta zama gaskiya.

Duk mai karanta jarida ya san yadda abin yake. Ba a mutuwa a ƙasar nan sai an taka rawa. Attajiri ya taka rawa wajen bunƙasa ciniki, kansila ya taka rawar gani, har wanda ya ƙare rayuwarsa a kan benci ɗaya a bakin tasha, ranar sadakar uku za ka ji ashe shi ma ya taka tasa. Amma ka je ka sami ɗaya daga cikinsu yana da rai, ka ce, Alhaji, jiya na gan ka kana rawa. A ranar za ku raba gaisuwa.

Ni da Malam Isiyaku mun koyar a firamare ɗaya a nan Wudil tun muna samari har muka yi ritaya, shi yana Lissafi ina Hausa. Dogo ne, miƙaƙƙe, kamar da rula aka zana shi. In ya hango masu kalangu a ƙofar gidan biki, tsallaka titi yake yi, ya bi ta cikin rana ya bar musu inuwa. Rabin magidantan unguwarmu sun sha dukan bayan hannu a wurinsa saboda jadawalin bakwai, kuma har suka yi furfura in sun gan shi sai sun gyara tsayuwa. Wannan girma shi ne dukiyarsa. Ba shi da wata.

Bayan ritaya da 'yan shekaru hannunsa na dama ya fara rawa. Harshen da na koyar ba shi da tausayi a nan: kalma ɗaya ya ba amarya da mai zazzaɓi. Likita a Kano ya faɗa masa sunan ciwon, sunan wani Bature ne, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ba a warkewa, lallaɓawa ake yi. Hannun bai dame shi sosai ba, aljihu yake sa shi. Ƙafa ce ta ci amanarsa. Yana cikin tafiya sai ta kafe, musamman a bakin ƙofa ko wuri mai ƙunci, kamar an zuba mata siminti. Yana so, jiki yana so, ƙafa ta ce ba da ita ba.

Wata la'asar ta kafe masa a ƙofar masallacin unguwa. Mutane sun taru a bayansa, an ta da iƙama, wani daga baya da bai san ko wane ne ba ya ce a shiga mana ko a ba da hanya. Sai da mutum biyu suka ɗauke shi cak, kamar buhun gero, suka ajiye shi gefe. Dukansu ɗalibansa ne. Daga ranar ya koma salla a ɗaki, mutumin da sahun gaba ya san ƙamshin turarensa. Da na matsa masa, ya ce mini ba ciwon yake tsoro ba, ba kuma mutuwa ba. Abin da yake tsoro shi ne ya faɗi a gaban yaran da ya koya wa ƙirga.

Daminar shekarar wani ɗan'uwansa a Indabo ya kira gayyar noma, na ce mu je ya sha iska. Muka shimfiɗa masa tabarma a gefen gona. Matasa sun jeru da fartanya, wani makaɗi, Ɗan'azumi, yana bin su da gangar noma. Da lokacin tafiya ya yi Malam ya miƙe, ƙafa ta kafe. Ina neman wanda zai taya ni riƙe shi, sai makaɗin ya juyo ta wajenmu, ba don mu ba, layin manoman ne ya kawo shi. Kiɗan ya matso, mai nauyi, ba gaggawa. Sai na ga ƙafar hagu ta ɗaga da kanta, ta sauka daidai da bugun. Ta dama ta bi. Malam Isiyaku ya ratsa gonar nan yana tsallake kunya bayan kunya, kafaɗunsa suna ɗan motsi, fuskarsa kamar ta wanda aka kama da satar amsa. A hanyar dawowa na ce masa yau dai ya tsallake kunyoyi da yawa. Ya ce saura babbar, ta cikin gari.

Ya fara gwadawa a ɓoye. Aka ɗauko kiɗan a waya aka kunna masa a tsakar gida, ya ce waya ba ta jiran mutum. Aka kawo Ɗan'azumi zaure, zauren ya yi ƙunci, ƙafar ta ƙi. Abin yana son fili, fili kuwa a gari yana da idanu. Ya kwana biyu yana lissafi, kamar yadda ya saba, sannan ya aiko a kira ni. Ya ce gobe bayan la'asar, a filin makarantarmu ta dā, in yara sun tashi.

Babban ɗansa Nura ya baro aikinsa a Kano ya zo a gigice. Ya durƙusa ya ce zai sayi keken marasa lafiya, zai ɗauki mai tura shi, zai nemi asibitin gashin ƙashi, komai dai ban da wannan, don gobe za a ce uban Nura ya taɓu. Malam ya bar shi ya gama, sannan ya zaro hannun daga aljihu ya ɗaga masa, yana ta kaɗawa.

"Ka ga wannan? Jikin nan ya rantse sai ya yi rawa, da izinina ko babu. To gara ni in zaɓa masa kiɗan."

Ranar farko mu uku ne a filin: shi, da makaɗi, da ni ina riƙe da gwiwar hannunsa. A bakin katanga kuwa Wudil ce gaba ɗaya. Muka yi ta zagaye a hankali. Alhaji Bala, dillalin shanu a kara, wanda Malam ya taɓa maimaita wa aji huɗu, ya ɗaga murya ya tambaya ko lissafin ne ya sauko ƙafa. Malam bai ko juya ba.

"Shigo, Bala. Nan ko ka faɗi ba a maimaita aji."

Aka yi dariya, kuma ba Malam aka yi wa ba. Ina ganin a nan ne abin ya fara juyawa, ko da yake sai da aka ɗauki watanni ana gulma. An kai maganar wurin liman. Shi kuwa dattijo ne mai tauna magana kafin ya haɗiye. Ya tambaya ko akwai mata a ciki, aka ce babu. Ko ana liƙi, aka ce babu. Ya ce to in ganga za ta yi shiru kafin ladan ya gyara murya, shi abin da ya sani shi ne akwai gurbi a sahunsa na gaba da yake son a cike masa.

Ni ban san ranar da na daina riƙe shi na koma bin sawunsa ba. Ba zai yiwu ka yi tafiya kusa da gangar noma ka ce kai ba ruwanka ba. Sannu a hankali wasu suka fara saukowa daga katanga: wani masunci da ƙugu ya hana shi jefa birgi, wani tsohon ɗan sanda da matarsa ta rasu ya kasa zaman gida. Alhaji Bala ma ya shigo, bayan likita ya yi masa magana a kan hawan jini da tumbi, amma ya kafa sharaɗi cewa shi atisaye yake yi. Malam ya ce ya kira shi duk abin da ya ga dama, ƙafarsa dai ta san sunan.

Dokokinsa kaɗan ne, kuma ya tsare su kamar ranar jarrabawa. Ba kirari, ba surutu, ba wanda zai burge wani. Kowa ya saukar da hankalinsa zuwa tafin ƙafarsa, ya ji inda ta taɓa ƙasa, ya ji na kusa da shi ya taka tare da shi. Yakan ce hankalin mutum yini yake yawo, kasuwa, asibiti, shekarar bara, amma ganga ba ta san jiya ba, ba ta san gobe ba, bugun da ake ciki kawai ta sani. Na karanta littattafai da dama a kan natsuwa, wasu da kauri, ban ga wanda ya ƙara wani abu a kan wannan ba. In an tashi za ka ga dattawa sun yi tsit, suna haki, fuskokinsu a sake, kamar an sauke musu kaya.

Bayan kaka ya ce zai koma jam'i. Muka taho tare, yana kaɗa kiɗan a bakinsa ƙasa-ƙasa, lafiya lau har bakin masallaci. A ƙofar, ƙafar ta kafe. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, mutane a baya kowa riƙe da takalmansa. Na ga gumi ya karyo masa a wuya. Sai na ji wani ɗan sauti daga baya, taf, taf-taf, taf. Alhaji Bala ne yake haɗa takalmansa biyu a hankali, idonsa a sama kamar mai duban hadari. Na kusa da shi ya kama. Ƙafar ta ɗaga. Malam Isiyaku ya shiga da kansa, ya wuce har sahun gaba. Liman, wanda kunnensa ke jin kuskuren wasali daga sahu na biyar, ranar bai ji komai ba.

Ya ƙara shekaru yana zuwa, har ciwon ya kwantar da shi. Bai taɓa faɗuwa a gaban mutane ba, ko sau ɗaya.

Yanzu in na je filin ranar Talata ko Asabar, nakan tambayi kaina me zai ce. Ɗan'azumi yana nan, ya tsufa, a kan mashin ake kawo shi. Da'irar ta yi faɗi har ta kusa cin ragar 'yan ƙwallo. Akwai ma'aikatan jami'a, akwai 'yan kasuwa, akwai Nura, wanda yakan zo ƙarshen mako ya tsaya can baya yana takawa kamar mai neman gafara. Mata sun buɗe tasu a harabar makarantar 'yan mata da safe, da tafi da waƙoƙin gaɗarsu na dā, kuma an ce sun fi mu iyawa, abin da ban yi mamaki ba. Na san zai tsuke fuska in ya ga masu ɗaukar hoto da waya daga bakin katanga. Na san abin da zai ce wa ɗan takarar da ya aiko da riguna masu hotonsa, don mun faɗa masa a madadinsa. Zai yi gunaguni cewa samari suna gaggawa. Amma mutumin da ya ga Bala dillali da wani malamin kimiyya na jami'a suna sauke ƙafa a bugu ɗaya, ba wanda ya tambayi wani daga ina ya zo ko ina yake ibada, ina jin zai ba da maki, ko da bai cika ba. Bai taɓa ba kowa cikakke ba.

Wanda ke jan da'irar yanzu Malam Yohanna ne, ma'aikacin ɗakin karatu a jami'a, mutumin Filato, wanda ya riski Malam a shekararsa ta ƙarshe a filin, ya kuma riƙe komai nasa da amana. Akwai wani abu da ake kira tsayuwar Malam. Duk lokacin da layi ya iso kusurwar gabas, sai a dakata, a sunkuyar da kai, a ja numfashi, sannan a ɗaga ƙafa sama a yi taku ɗaya mai faɗi. Haka Malam yake yi, kowa ya gani. Makon jiya na ji Yohanna yana yi wa sababbin zuwa bayani, cewa marigayi ya sa wannan ne don mutum ya tuna ba kullum ake gaba ba, akwai inda ake tsayawa a gode. Alhaji Bala ya ce a'a, alƙibla ce, Malam zikiri yake yi. Suka juyo gare ni a matsayin tsohon amininsa in raba gardama. Na ce duka biyun sun yi kyau.

Kuma sun yi. Na ga tsohon ɗan sandan nan yana share ido a wannan tsayuwa. Ni kaina, a duk mako, nan ne kaɗai nake jin numfashina ya kai ƙasa. Mutum ya bar wa garinsu wurin da dattijo zai motsa jikinsa a bainar jama'a ba a ce ya zautu ba, ya bar musu ɗan shiru a tsakiyar kiɗa, ban san gadon da ya fi wannan ba a cikin abin da malamin firamare zai iya bari. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya tabbatar da dugadugansa ranar da ƙafafu ke zamewa.

A kusurwar gabas ɗin, saiwar darbejiya ce ta fito sama, ita Malam yake dubawa ya tsallake. An tone ta tun shekarar da ya rasu.