Zumar da Kalilu Ya Shafa wa Naman Alu

Kalilu mahauci ne a Jega Firchin, ƙanen kakana, kuma in dai batun majigi ne ba a kai shi surutu. A shekarun da motar Turawa ta fara zuwa tana kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa tana haska hotuna masu motsi, shi ne mai zaman gaba. Idan motar ta wuce zuwa Aliero ya bi ta a ƙafa, ya sake kallon abin da ya gani jiya, ya dawo ya ishi mutane da bayani.

Abokin gardamarsa shi ne Alu, wanda rumfarsa ke jikin tasa. Tare suka koyi fawa. Tafintan majigi ya taɓa gaya musu Turawa biyu ne ke ɗaukar hotunan, sai suka raba su kamar gado. Alu ya ɗauki wanda suke kira Jan-wuya, mai nuna jirgin ƙasa da sojoji. Kalilu ya riƙe Mai-lofe, mai shirya labari, kullum da mutum biyu: mai hankali da sakarai, sakaran ya ƙi tsafta ya ƙare a kwance.

"Naka hwaɗa ɗai ya iya," in ji Alu. "Wa ka son hwaɗa bayan ya ci tuwo?"

"Jirgi ya ruɗe ka," in ji Kalilu. "Mai-lohe huskar mutum shika matso maka, har ka ga tsoro cikin idonai."

Haka suke yi kullum suna sara nama, mai saye na tsaye yana jira.

Wani rani sai ga Mai-lofe da kansa a Jega, yana neman mahauta biyu da zai ɗauka a majigi, mai tsafta da ƙazami. Sarkin fawa ya ce a kira Kalilu, tunda shi ne malamin abin. Kalilu bai ko ƙifta ido ba ya zaɓar wa kansa mai tsafta. Ƙazamin kuwa kowa ya ƙi, sai ya lallaɓa wajen Alu. Ga shi duk kasuwar babu mai wanke gungume da wuƙa kamar Alu. Delu, matar Alu, ta ce ita hankalinta bai kwanta ba.

"Wasa na, Delu," in ji Kalilu. "Kowa ya san wasa na. Ni na san majigi."

Ranar ɗauka aka yi ta jira, ƙuda suka ƙi sauka a naman Alu. Yankan safe ne, rumfar kuma a share take. Bature ya fara tsaki. Nan son burgewa ya ɗebi Kalilu, ya ruga ya samo zuma, ya shafe naman da hannunsa. Kafin ka ce me, ƙuda sun rufe shi baƙi ƙirin. Mai-lofe ya dafa kafaɗarsa, Kalilu ya yi wata yana ba da labarin dafawar nan.

Da shekara ta zagayo aka kawo majigin. Mutanen gari suka yi dariya, don sun san yadda aka yi. Amma masu cin kasuwa daga Kashin Zama da ƙauyukan Maiyama ba su ga zuma ba. Fuskar Alu suka gani, an matso da ita yadda Kalilu ke yabo, ga ƙuda, ga wanda ya ci naman yana murƙususu. Suka sa masa suna Mai-ƙuda. Duk wanda aka aika sayen nama sai a ja masa kunne ya kauce wa rumfarsa, ya je ta mai tsaftar nan da ke kusa.

Wannan shi ya fi cin Kalilu a rai. Ciniki ya dawo kansa, naman amininsa na yini a rataye. Ya tsaya tsakiyar kasuwa ya rantse shi ya shafa zumar, sai mutane suka ce Allah sarki, mutumin kirki, yana rufa wa abokinsa asiri. Suka ƙara tururuwa wajensa. Alu kuwa bai taɓa ɗora masa laifi ba. Da damina ta faɗi ya kwashe wuƙaƙensa, ya koma Andarai wajen dangin Delu ya kama noma.

Tun daga nan Kalilu bai sake kallon majigi ba. In ya ji ƙarar motar sai ya shige gida. Mu da muka taso mun san shi tsoho ne marar magana, mai kore ƙuda daga nama da wani irin fushi da ba mu gane ba.

Kunya ta hana shi zuwa Andarai shekara da shekaru. Da ya ji Alu ba lafiya ya ɗaure cinyar rago a farin ƙyalle ya tafi. Delu ta karɓa ba ta dube shi ba. Ya tarar da Alu a inuwa, ya rame. Suka gaisa, Kalilu ya buɗe baki zai roƙi gafara, Alu ya riga shi.

"Majigin nan ya zo Maiyama bara, ban tahi ba. Kai da kas san abin, hwaɗa min gaskiya. Na iya wasan?"

Kalilu ya sunkuyar da kai. "Ka hi kowa iyawa, Alu."

"To," in ji Alu. "Ashe Baturenka ya hi nawa."