Labo Bai Saki Igiya Ba

Bana shekara arba'in ke nan da muka rufe wana Labo a maƙabartar ƙauyenmu, can tsakanin Maijirgi da Tasawa. A lokacin ban san ko bihim ba. Sai da na yi jika sannan na zauna ajin yaƙi da jahilci, ina riƙe alli kamar mai riƙe muciya. Na koyi rubutu don dalilai da yawa, amma babbansu shi ne in faɗi yadda Labo ya mutu, don har yau in ka tambayi wasu sai su ce maka ciwon ƙirji ne. Ƙirjin ne kam. Gindin bindiga ne ya fasa shi.

Labo manomi ne, gero da gyaɗa. Yana da aboki Bafillace mai suna Altine, wanda ke sauka gonarsa kowace kaka, shanu su ci kara su bar taki. Ba su taɓa gaisawa babu tsiya ba. Altine ya ce, "Kaɗo, har yau ba ka gaji da duƙawa ba?" Labo ya ce, "Bahillace, ka jiwo ƙamshin tuwo ke nan." Wata shekara Altine ya ɗaure masa haɓɓanaye. Ga wanda bai sani ba, saniya ce mutum ke ba abokinsa ya riƙe har ta haihu sau uku. Ɗiyan na mai riƙo ne, uwar kuma ta koma gida. Ba a saida ta, ba a yanka ta, ba a dukanta, ba a ba wani aronta. Sunan wannan Saye, ja ce mai dogon ƙaho.

Sai fari ya zo, na biyun nan, na zamanin soja. Altine ya kora garkensa ya yi kudu ya tsallake iyaka, ya bar Saye hannun Labo. Mu muna jiƙa ƴaƴan itacen anza muna zubar da ruwan ɗaci kafin mu ba yara. Shanun gari suna faɗuwa bakin rijiya, ba mai ƙarfin tada su. Labo ya kwance jinkar ɗakinsa ya ba Saye ta ci. Yana hawan gawo da yunwa a cikinsa yana kakkaɓo mata ƴaƴa. Matarsa Mariya ta taɓa ce masa a gabana, "Malam, da ni ce saniyar ga da na more aure." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ke in kin rame, ni za ki yi wa ƙorafi. Ita in ta rame, da wane ido zan dubi Altine?" Ta haka Saye ta zama saniya ɗaya tilo a ƙauyenmu da ba a ƙirga haƙarƙarinta.

Ana cikin haka maigari ya tara mu ya ce za a yi babban taron makiyaya na ƙasashe a birni, kuma in an gama za a zagaya da baƙi su ga wata gonar kiwo ta gwaji da ke kusa da mu. Shanun gonar sun mutu kamar na kowa, waɗanda suka rage ƙashi ne da fata. Masu shirya ziyarar ba su ce a soke ba. Suka ce a gyara.

Gyaran farko, aka fito da maza su janye mushen dabbobi daga bakin hanya. Aka shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa. Akwai makiyaya da suka gangaro daga arewacin Mayahi, garkensu ya ƙare, suka kafa bukkokin tabarma a gefen titi suna jiran taimako. Da idona na ga an kore su da bulala an cinna wa bukkokin wuta, wata tsohuwa tana jan ƙwaryarta ana dukanta a baya. Gyara na biyu, aka ce duk mai saniyar da ke tsaye da kyau ya kawo aro, a cika garken gonar, in baƙi sun wuce a maida wa kowa tasa.

Kamyo, babbar motar kaya, ya shigo da hantsi, da masu kaki a bayansa. Babbansu wani dogo ne mai tabarau. Kai tsaye suka nufi turken Saye, don an riga an faɗa masu.

Labo ya gaishe su da ladabi. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ba tawa ba ce. Haɓɓanaye ce. Ba ni da ikon ba da aronta."

Mai tabarau ya ce, "To, ta gwamnati ce yau. Kwance."

"Ku ɗauki jakina, ku ɗauke ni in share muku garken. Wagga dai sai mai ita ya zo."

Sai ya naɗe igiyar a hannunsa. Wannan ne kawai laifinsa. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga sanda ba. Suka fara da ɗamara, wajen ƙarfen, a fuska. Bai saki ba. Suka buga yatsunsa da gindin bindiga bisa turke, na ji ƙarar karyewarsu daga inda nake daka. Ya maida igiyar gwiwar hannu. Sai suka kayar da shi, mutum biyu suna taka shi, ɗaya yana saukar masa da bindiga a ƙirji kamar mai fasa itace. Ni kuwa na fito da taɓarya. Na sami ɗaya a ƙeya, kuma ban yi nadama ba har gobe. Haƙorana biyu na gaba a wurin na bar su. A ƙarshe igiyar suka yanka da wuƙa, guntunta na hannun Labo. Maza suna tsaye bayan danga suna kallo. Ban zarge su ba, kowa na da ɗiya, amma na san sunan kowannensu.

Saye ba ta taɓa shiga mota ba. Suka murɗe wutsiyarta har ta karye kafin ta hau. A hanya ta yi tsalle daga kamyo ta karya ƙafa, sai aka yanka ta aka gasa wa baƙin. An ce sun zo cikin motoci, sun yi hoto, sun yaba da yadda muke kiwo cikin fari, suka wuce. Ba na jin haushinsu, abin da aka nuna masu suka gani. Shanun mutane an maido wasu. Mu fata aka aiko mana, da tsagar Altine a kunne. Labo ya ce a shanya ta a ajiye. Ya yi ta tarin jini har bazara, ya cika kafin ruwan farko.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wani zama da aka kira mu a Tasawa, ni ina wakiltar ƙungiyarmu ta mata masu kiwon jar akuya. Wai za a sake irin wannan taro, da baƙi daga ƙasashe, da zagayen gonaki. An yi maganar masauki, da asansi, wato man motoci, da wanda zai fassara. Sai wani ma'aikaci mai fara'a, wanda ko uwarsa ba ta yi aure ba a zamanin da nake faɗi, ya ce zai yi kyau a haɗo dabbobin mutane wuri ɗaya don garke ya cika ido. Ba da mugunta ya faɗa ba. Na miƙe na ce masa, "Ɗana, ka kai su gidana su ga awakina yadda suke, da mai ƙiba da mai ƙazuwa. In ka aiko mota ɗaukar dabbar wani, ni za ka fara ɗauka." Aka yi dariya, aka ce Hajiya ba ta da dama. An dai cire maganar.

Nakan tambayi kaina abin da Labo zai ce da ya ga yau. Zai yi murna da allurar dabbobi da rijiyoyin famfo. Zai yi shiru in ya ga burtali ya koma gona, da manomi da makiyayi suna haɗuwa gaban alƙali ko gaban likita, da ɓarayin shanu masu bindiga a bakin iyaka. Kaki ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya sake dawowa. Ina jin tambayarsa ɗaya ce: har yanzu ana ɗaure wa aboki saniya? Ana yi, Yaya, amma an rage.

Altine ya dawo bayan damina, daga shi sai sanda. Garken duka ya ƙare a kudu. Da Saye na raye, ita ce za ta zama irinsa. Mariya na cikin takaba, don haka ni na fito masa da fatar. Ya shafa kunnen. Akwai ƴar karsana da Saye ta haifa mana, wadda masu kaki suka raina saboda rama. Na jawo ta na ce ya karɓa a madadin uwarta.

Ya ce, "Rabi, haɓɓanaye in ta mutu ba a biya. Kuma wagga ta marayu ce."

Na ce, "To ka ci sandarka."

Ya dubi ɗiyan Labo da ke tsaye ƙofar zaure. Ya ce, "Sai dai in su za su ɗaure mani ita haɓɓanaye."

Babban ɗan Labo ya miƙa masa igiya. Altine ya tafi da ita arewa. Ta haihu uku a hannunsa, daga su ya sake tada garke, kuma ya maido ta da ƙafarsa tun daga bayan Mayahi, ta yi ƙiba har ba mu gane ta ba.

Labo bai bar gida mai kwano ba, ko hotonsa babu. Kabarinsa ma ya shafe. Amma da aka yi rikicin gona da makiyaya a yankinmu, har aka ƙone rugage aka zubar da jini, jikokin Altine cikin gidan jikokin Labo suka kwana da shanunsu. Masu gora suka zo har ƙofa. Jikar Labo ce ta tare su, da goyo a bayanta, ta ce masu duk mai shiga sai ya bi ta kanta. Suka tsaya suna kallonta, sannan suka juya.

Allah shi jiƙan Labo, shi jiƙan Altine.