Waya Uku, Lamba Huɗu

Jama'a, abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma Allah da zan tsaya gabansa shi ne shaidata. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Katsina ba, ina aiki a wani ofishin raba taki da sayen auduga a Funtuwa, ni ke kula da na'urar aika saƙo, irin wadda ke buga rubutu a doguwar takarda.

Rumbuna uku gare mu, na kusa da Malumfashi, na Dayi da na Mahuta, kowanne da akwatinsa da wayarsa a bayan na'urar. Ita ba ta san sunan gari ba, lamba kawai ta sani, in an kunna ta wanda ya fara amsawa shi ne ɗaya. Shekara biyu ina wurin, kullum Malumfashi ɗaya, Dayi biyu, Mahuta uku, har muka daina sa sunan gari a saƙo don layin yana yawan yankewa. Ni kuwa ji nake ba wanda ya san ta kamata, ko manaja ba na bari ya taɓa. Sabo turken wawa.

Matata Rifkatu tana da cikin fari, ta tafi haihuwa gidan iyayenta, wani ƙauye bayan rumbunmu na Malumfashi. Damina ce, hanyar ƙauyen in ba motar ofishinmu ba babu mai shiga, don haka na roƙi mai rumbun in wani abu ya taso ya bugo mini.

Ranar wata Talata da azahar aka ɗauke wuta aka kawo, na'urar ta ƙage. Na yi abin da na saba, na kashe, na ƙirga goma, na kunna, ban ko dubi jerin lambobin da ta fitar ba. Can sai saƙo ya shigo a lamba biyu, wai a turo mota yanzu, haihuwa ta zo da gardama, jini na zuba. Daga nan layin ya yanke. Biyu ai Dayi ce. Na ruga na tayar da direbanmu Malam Haruna daga cin abinci, na ce ya kama hanyar Dayi, kada ya tsaya wa kowa, rai ne.

Da na dawo sai tawa matar ta faɗo mini a rai. Na buga wa lamba ɗaya na tambayi lafiyar gida. Ban gama ɗauke yatsana ba amsa ta fito:

"Lafiya lau. Ka zauna."

Na zauna, jama'a. Wallahi har gyaɗa na saya na ci.

Wajen la'asar lamba uku ta bugo tana tambayar buhunan da za a kai kasuwar Dayi. Na ce Mahuta kuma me ya haɗa su da Dayi? Ina cikin wannan tunani sai ga wani saƙon a lamba huɗu. Mu da ba mu taɓa yin huɗu ba. Na zagaya bayan na'urar na ƙirga wayoyi, uku ne, ramin na huɗu wayam, har yanar gizo a bakinsa. Nan na gane kowa ya matsa gaba da lamba guda, wani abu ya riga su amsawa ya karɓe ɗaya. Ashe biyu Malumfashi ce, matar da jini ke zubar mata tawa ce, kuma ni da bakina na tura motar wani gari.

Na kashe na kunna ya fi sau biyar, kowane karo ɗaya tana hannun wannan abin. Na cire wayoyin uku gaba ɗaya na zubar a ƙasa, sauran lambobin suka ɓace, ita tana nan. Na buga wa lamba ɗaya na tambaya wane ne. Na'urar ta yi shiru kamar mai sauraron wani abu a nesa, sannan ta buga:

"Yanzu kana iya tafiya."

Ban san yadda na isa tasha ba. Na shiga bas, daga bakin titi na ƙarasa da ƙafa cikin taɓo, tun daga nesa na ga mutane zazzaune a ƙofar gidan, fasto a tsakiyarsu. Ita da ɗan duk sun tafi. Surukina bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, na ga motarku. Na cire hulata ina ɗaga mata." Shi ya tuƙa keke ya kai saƙon rumbu, ya tsaya a titi yana jira, hanyar Dayi kuwa ta nan ta bi, motar ta wuce shi da gudu. Malam Haruna ya gan shi sarai. Da ya zo ta'aziyya kuka ya yi ta yi, ni kuma na kasa ce masa ba laifinsa ba ne, duk da na san nawa ne.

An kira mai gyara daga Kaduna, ya kwance na'urar ya mayar, ya ce ramin da babu waya ba ya karɓar lamba, wataƙila ruɗewa na yi. Mai rumbun Malumfashi ya rantse tambayata ba ta iso masa ba, balle ya amsa. Ban ƙara wata guda a aikin ba, kuma ban sake aure ba.

Shawarata, duk wanda ke aiki da irin waɗannan na'urori, in ka kashe ka kunna, kada ka yarda da lamba. Bi kowace waya da hannunka har inda ta fito, ka tambayi kowa sunansa kafin ka aiki mutum. Takardar ranar tana cikin akwatina har yau. Rubutun biyu da uku da huɗu duk ya koɗe, da kyar ake gani, amma layi biyun nan na lamba ɗaya baƙi ƙirin suke, kuma ban yarda in shafa su da yatsa ba, don ina tsoron in tarar ba su bushe ba.